Kalma Ɗaya da Na Sa Aka Cire

'Ya'yana, na san abin da ake faɗa muku a gari game da barina ofishin rajistar gonaki, na kuma san kunya ce ta hana ku tambayata. Wasu sun ce kwamfuta ce ta rikice. Wasu sun ce yayarku Uwani ta kawo aikin da ba ta ƙware a kansa ba, ta jawo wa ubanta asarar kujera. Maganar farko shirme ce, ta biyun kuwa zalunci ce, kuma har yau idan na ji ta a bakin mutumin da bai san inda ake kunna kwamfuta ba, raina yakan ɓaci. Na ƙare ƙuruciyata ina rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru, ba zan yarda in tafi in bar wannan a bakin 'yan shayi ba.

Bayan na yi ritaya daga aikin magatakarda, ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankinmu ta roƙe ni in riƙe mata rajistar gonaki. Aikin ba shi da ado: sunan mai gona, iyakokinta, daga tsamiya kaza zuwa rafi, daga rafi zuwa burtali, sai sunayen shaidu. A da ba wanda ya damu da littafin, domin kowa ya san gonar kowa. Amma shekarun tashin hankali sun kwashe mutane daga ƙauyukan wajen Damari da Saminaka har zuwa bakin dajin Kamuku. Gonaki suka koma jeji, itatuwan da ake shaida iyaka da su aka sare wasu aka ƙone wasu, dattawan da suka san tarihi wasu suka rasu wasu suka yi nisa. Da mutane suka fara komawa, littafin nan ya zama shaidar da ta rage.

Dokoki biyu na kafa a ofishin. Ta farko, jan alƙalami guda ne ake rubutu da shi a babban littafi. Wanda yake riƙe da shi ne zai rubuta, ɗayan ya jira, ko da kuwa layi ya kai bakin titi. Ta biyu, ba wanda zai shigar da gonar danginsa ko ta surukansa, sai ya miƙa wa abokin aiki. Abokin aikin nawa Malam Isiyaku ne, magidanci, tsohon malamin firamare, mai kyan rubutu, yana jin Fulatanci da Gbagyi kamar a cikinsu aka haife shi. A unguwarsu shi ke jan salla idan liman ba ya nan. Mutum ne mai barkwanci. Shi ya laƙaba mini Malam Bari-in-duba, saboda ko gaisuwa aka yi mini, in ji shi, sai na buɗe littafi kafin in ce lafiya lau.

Uwani kun san ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunanta na yanka ba. Ta karanta ilimin kwamfuta a Zariya, ta yi aure a Kaduna. Ita ta ga yadda asu da ɗanshi suka fara cin gefen littafin, ta ce za ta rubuta mana shirin da zai riƙe rajistar a cikin tsohuwar kwamfutar da ƙungiya take da ita. Tun da farko ta ɗora wa na'urar babbar manhaja irin buɗaɗɗiyar nan, wadda ba a saye, kowa na iya karanta cikinta, mutane a ƙasashe daban-daban suna gyara ta don kansu da don jama'a. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin ni a wurina littafin da aka hana dubawa ba abin yarda ba ne. Ta kuma haɗa wata ƙaramar na'ura da babbar, ta yadda ni da Isiyaku kowa zai sami wurin zamansa da allon bugunsa. Na yi wa kwamiti alkawari, a rubuce, cewa ranar Alhamis za su ga abin yana aiki.

A shekarar ce aka rufe layukan waya a yankinmu, ba kira ba intanet. Ranar Talata da hantsi muna ofis ni da ita, Isiyaku ya tafi awon wata gona. Ta buga umarni, na'ura ta yi ta zubo rubutu, sai ta tsaya cak da wani ƙorafi. Na tambayi abin da ya faru. Zan faɗa muku bayaninta yadda na fahimce shi, domin duk labarin a kansa ya rataya.

Abin da mai shiri ya rubuta, na'ura ba ta gane shi sai wata manhaja ta juya mata shi, sunanta kamfaila. Kamfaila ba juyi kawai take yi ba. Akwai guntayen aiki da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye don amfanin kowa, ana kiran kowane tari laburare. Ita ke ɗauko waɗanda ake bukata ta haɗa su da naka su zama shiri guda. Domin mutum biyu su iya aiki lokaci ɗaya, shirin yakan raba kansa, kowane mutum da hannun da ke yi masa hidima, masu sana'ar suna kiran kowane hannu zare. Akwai laburare na musamman mai kula da zaruruwan nan, kuma shi ke riƙe da kwaɗon da ke hana biyu su taɓa layi ɗaya tare.

"Jan alƙalaminka ne, Baba," in ji ta. "Wanda ya riƙe ya rubuta, ɗayan ya jira."

Sai dai laburaren zare iri biyu ne a wannan babbar manhaja, tsoho da sabo. Rumbun da shirinta ke zuba bayanai a ciki, wanda ta ɗauko a shirye, kwaɗon sabon kaɗai ya sani. A cikin umarnin da ta buga akwai kalma ɗaya, gajeriya, mai gaya wa kamfaila cewa sabon za ta ɗauko. Na'urar ofishinmu kuwa tsohon kaɗai ke cikinta. Ƙorafin ke nan. Da akwai intanet, kafin ruwan shayi ya tafasa an sauko da shi. Babu, sai ta koma Kaduna ta zo da shi a filasha, hanyar kuwa a lokacin sai an jira rakiyar jami'an tsaro, ba wanda zai ce ga ranar dawowa.

Na ce, "In aka cire kalmar fa, zai tashi?"

Ta ce zai tashi. Idan ba a gaya wa kamfaila komai ba, sai ta bi al'adarta ta ɗauki tsohon da ta samu, ba ta tambayar kowa. Rumbun kuma idan ya nemi kwaɗonsa bai samu ba, akwai wani na madadi a cikin babbar manhaja, sunansu ɗaya, wanda da an kira shi sai ya amsa cewa ya kulle, alhali bai kulle komai ba. Ba mugunta ta sa aka ajiye shi ba. An yi shi ne don shirye-shirye masu zare ɗaya, waɗanda ba su da abokin karo, kuma masu manhajar sun rubuta haka ƙarara ga duk mai son karantawa.

Na ce, "To zai yi ƙorafi?"

"Ba zai yi ba, Baba. Matsalar ke nan."

Ni kuwa abin da na ji shi ne ba zai yi ƙorafi ba. Na tuna mata da alkawarin Alhamis. Na ce tun da nake ban taɓa sa rana na saɓa ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Ta sake bayani, na sake maimaita Alhamis, da muryar da kuka sani. Ta sunkuyar da kai ta goge kalmar. Na'ura ta zubo rubutunta har ƙarshe, shirin ya buɗe, tsaf da shi. Kafin mu tashi ta kafa mini sharaɗi: har ta dawo, mutum ɗaya ne zai riƙa shigar da bayani, a rufe na'ura ta biyu.

"Ka rubuta a littafin aiki, Baba, don Malam Isiyaku ya gani."

Na ce zan rubuta. Ban rubuta ba. Ina da littafin aiki na kullum wanda ko ƙwan fitila aka canja sai na sa a ciki, amma a ranar na bar layi biyu fari na rufe. Na daɗe ina gaya wa kaina mantuwa ce. Ba mantuwa ba ce. Shugaban kwamiti yakan duba littafin, kuma ban so ya ga cewa abin da zan nuna ranar Alhamis bai kammala ba. Alhamis ta zo, aka yi ta sa albarka, aka ce Malam Lawal ya haifi 'ya.

Uwani ba ta dawo da wuri ba. Hanya ta ƙara lalacewa, sannan haihuwa ta zo mata. Makonnin farko na kiyaye sharaɗin, na ce wa Isiyaku na'ura ta biyu ba ta gama zama ba, bai kuwa tambayi dalili ba. Sai gabanin damina, jama'a suka yi mana ca. Mutum ya taso tun asuba daga bakin daji, yana son a shigar da gonarsa ya juya kafin la'asar, domin ba mai son yamma ta same shi a hanya. Na dubi tsofaffi a tsugune a rana, na dubi na'ura ta biyu lulluɓe da zani, na yaye zanin. Rana ta farko lafiya, mako ya wuce lafiya. Na ce a raina yaran zamani sun cika tsoro.

Wata Laraba mutum biyu suka shigo kusan tare. Ɗaya Buba ne, Bafillace mazauni, wanda tun kakansa suke noma wata fadama a gefen burtali suna kiwo a bayanta. Ya nufi teburin Isiyaku saboda harshe. Ɗayan Malam Mudi ne, wan matar Isiyaku, shi kuwa bisa dokata ta biyu teburina ya zo. Muka yi ta bugawa kafaɗa da kafaɗa, muka sallame su. Ƙarshen wata da aka manna jerin sunaye a bangon ofis, sai ga fadamar Buba, da iyakokinta da shaidunta, ɗauke da sunan Mudi, kuma na'ura ta nuna Isiyaku ne ya shigar. Mudi ya ga jerin. Maimakon ya zo ya ce ba tasa ba ce, sai ya tura masu sharar gona.

Buba ya zo ofis da 'yan'uwansa biyu. Bai ɗaga murya ba, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa ya zauna a ƙasa.

"Malam, ni ban yi boko ba," ya ce. "Amma na ji da kunnena ya karanta mini sunana kafin in tashi. Yaya aka yi sunan ya tashi ya bar gonar?"

Ku da kuka girma a garin nan kun san abin da ƙaramar magana tsakanin manomi da makiyayi take iya zama a wancan lokacin. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa ofishin rajista yana ƙwace gonakin Fulani yana ba 'yan gari. Kwamiti ya yi gaggawa, shaidu suka tabbatar, aka mayar wa Buba fadamarsa, aka ja wa Mudi kunne. Saura tambayar wanda ya yi. Na kira Isiyaku na juya masa fuskar na'urar. Ya karanta sau biyu. Ya rantse bai taɓa buga sunan Mudi ba tun da aka kawo kwamfutar.

"Malam, shekara nawa muna tare? Ka san hannuna."

Na ce masa, "Na san abin da ke rubuce."

Kada ku ɗauka gargaɗin Uwani bai faɗo mini ba. Ya faɗo, a rana ta biyu, ina alwala. Na kore shi da hujjoji irin na masu ilimi: na'ura ba ta yi ƙorafi ba, layi ɗaya ne cikin layuka masu yawa, kuma wane irin kuskure ne zai tsallake kowa ya zaɓi surukin mai shigarwa? Ban tsaya na lura cewa dokata ce ta zaunar da Mudi a gabana a daidai wannan lokacin ba. Na rubuta takardar tuhuma da Hausa mai kyau, na karanta ta da bakina a taron ƙungiya ƙarƙashin darbejiyar ofis, aka sallami Isiyaku. Ya ajiye mabuɗinsa a kan tabarma ya sa takalmi. Daga ranar, idan liman ba ya nan a unguwarsu, sai a waiga a tura wani gaba, shi yana sahun farko yana kallo.

A gida Innarku ba ta yarda ba ko na rana ɗaya. Ba ta yi mini gardama ba, kun san halinta, sai dai ta riƙa ajiye magana tare da kwanon tuwo. Yau ta ce matar Isiyaku ta daina zuwa islamiyya. Gobe ta ce mutumin da ya tako daga Damari da ƙafa don ya maido da igiyar awo ta ofis, shi ne yau ya saci fadama guda. Wata rana ta ce, tana kallon wuta ba ni ba:

"Malam, kai da ko kuɗin cizo ka kashe sai ka nemi shaida biyu, a nan shaida ɗaya ta ishe ka, ita ma ba ta salla."

Na ce mata harkar ofis ba ta kicin ba ce. Ta ce haka ne, ta kwashe kwanuka.

Bayan arba'in Uwani ta zo da jaririnta da filasha a jaka. Washegari da safe muka tafi ofis. Tana shiga ta ga kujeru biyu a gaban alluna biyu, zanin lulluɓi a ninke a kan kabad. Ba ta zauna ba.

"Baba, tun yaushe?"

Na faɗa mata, na kuma faɗa mata na Isiyaku, domin Innarku ta riga ta fara. Ta buga wani umarni da ke sa na'ura ta lissafo laburaren da aka haɗa shiri da su, ta nuna mini da yatsa: ga tsohon, sabon babu. Sannan ta kwafi rajistar gefe don gwaji, ta zaunar da ni a kujerata ta zauna a ta Isiyaku. Ta ce in riƙa shigar da gonar Akuya, ita tana shigar da gonar Tinkiya, mu danna tare. Muka yi, ba komai. Muka sake, ba komai. Na fara jin sanyi a raina, Allah ya gafarta mini, ina fatan kada ya faru. Mun daɗe muna yi, har jaririn ya farka ta goya shi ta ci gaba a tsaye. Can sai ga shi a fuskar na'ura: gonar Tinkiya, iyakokin Tinkiya, mai shigarwa ita, suna Akuya. Hannayen biyu sun kai ga layi ɗaya cikin ƙiftawar ido, kowanne an ce masa an kulle masa, ɗaya ya ajiye suna ɗayan ya ajiye sauran.

Ta zuba sabon laburaren, ta mayar da kalmar, kamfaila ta sake haɗa shirin. Muka yi ta dannawa har azahar, Akuya ba ta sake shiga gonar Tinkiya ba. Kwana uku muka yi muna gwada rajistar da takardun hannu da na adana. Muka sami wasu layuka biyu da suka cakuɗe ba wanda ya lura. Ɗaya daga ciki, na'ura ta nuna ni na shigar. Da ma'aunin da na auna Isiyaku aka auna ni, da ni ma ɓarawo ne.

Shugaban kwamiti, mutumin kirki mai son zaman lafiya, ya ce abin ya zo da sauƙi: a sanar cewa na'ura ce ta yi kuskure an gyara, a kira Isiyaku ya koma aiki ba tare da hayaniya ba. Innarku ta goyi bayan haka, domin a lokacin ƙungiyoyi biyu na maƙwabta suna maganar ba Uwani irin wannan aikin. Uwani kanta ta same ni a zaure bayan la'asar, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, in za ka faɗi naka, ka faɗa. Ka bar nawa. Yanzu na fara."

Da safe na hau mashin na sami Isiyaku a gonarsa yana bankar masara. Ya gaishe ni da ladabi kamar ba abin da ya faru, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa. Na kwashe komai na faɗa masa, har layi biyun da na bari fari, sannan na kawo shawarar shugaba. Ya daɗe yana kankare ƙasa daga bakin fartanya.

"Malam, in aka ce na'ura ce, wa zai yarda? 'Yarka ta haɗa ta, kai ka riƙe ta, ni abokinka. Za a ce kun ji tausayina kun rufa mini asiri. Na'ura ba ta zuwa masallaci a tambaye ta. Ni ba kujerar nake so ba. A faɗi hannun da ya yi, a wurin da aka faɗi nawa."

Na koma gida na rubuta. Na gwada rubutawa ba tare da Uwani a ciki ba, sau uku, kowane karo labarin ya ƙi tsayawa: kowa ya san ban iya ba kamfaila umarni ba, kuma bayanin da aka ɓoye rabinsa zai zama daidai abin da Isiyaku ya ji tsoro. Ranar taro na tsaya ƙarƙashin darbejiyar nan. Buba yana nan, Mudi yana can baya, Isiyaku ya zo ya zauna a gefe. Na bayyana kwaɗon da alƙalamin ofis a hannuna, yadda aka bayyana mini. Sannan na zo layin da na fi tsoro, na karanta: Hadizatu Lawal ta cire kalmar da hannunta, bisa umarnina, bayan ta gargaɗe ni sau biyu, ta kafa sharaɗi, na karya, ta ce in rubuta, na ɓoye. Wannan ne karo na farko da sunan ya fita daga bakina, sunan uwata da 'yata, kuma a gaban jama'a, a cikin takardar laifi. Dattawan da suka san gidanmu suka sunkuyar da kai. Na ƙare da cewa Malam Isiyaku bai ci amanar kowa ba, ni na zalunce shi, ina neman gafararsa a gaban waɗanda na tozarta shi a gabansu. Na ajiye aikin a wurin.

Abin da ya biyo baya shi ke ƙona mini rai har yau. Jimla ɗaya na karanta mai gaɓa bakwai, gari ya ɗauki gaɓar farko ya zubar da sauran. Kafin mako ya zagayo, labarin ya zama 'yar Malam Lawal ta cire wani abu a kwamfuta. Ƙungiyoyin nan biyu suka yi shiru, daga baya suka ba wani. Masu cewa dama aikin ba na mata ba ne suka sami abin taunawa, alhali ita kaɗai ce a cikinmu ta san haɗarin, ta faɗa, ta kuma gano shi. Uwani ta koma Kaduna. Salla biyu ba ta zo ba, gaisuwa sai ta bakin Innarku. Innarku kuwa ta yi wata guda ba ta ajiye mini magana tare da tuwo ba, kuma na gane shirun ya fi maganar ciwo.

Kwamiti ya roƙi Isiyaku ya riƙe rajistar, ya karɓa bayan ya ja musu rai. Ranar miƙa mabuɗai na ba shi komai bisa jeri, na ƙare da jan alƙalamin. Ya buɗe littafin aiki yana juya shafuka baya, har ya kai waccan Talatar. Ya sa yatsa a kan layi biyun.

"Malam Bari-in-duba, na duba. Akwai aikin da ba ka gama ba."

Ya miƙo mini alƙalamin. Na zauna na cike su, na sa ranar da na rubuta da ranar da ya kamata in rubuta, na sa hannu, shi ma ya sa a matsayin shaida. A Juma'ar makon aka gaya mini liman ya yi tafiya, kuma da aka tayar da iƙamar la'asar a unguwarsu ba wanda ya waiga, Isiyaku ya wuce gaba.

Shafin yana nan a ofis. Duk wanda ya sake ce muku yayarku ce, kada ku yi musu da shi, ku kai shi ya karanta.

Kafin in ba ku wannan babin na aika wa Uwani shi, domin bai dace in sake rubuta ta ba da saninta ba. Ya yi wata biyu a wurinta. Ranar da ta zo da yara hutu ta ajiye mini shi a kan tabarma, ta shige wurin Innarku. Na duba shafi bayan shafi ina neman inda ta soke. Ba ta soke ko harafi ba. A gefen wurin da na ce ta sunkuyar da kai ta goge kalmar, ta ƙara layi ɗaya da jan biro, kuma na bar shi yadda ta rubuta: "Baba ya manta bai sa ba: na san illar, kuma ina iya cewa a'a."